Goriba Biyu da Kawu Ya Bari

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa na ƙirga masu rakiya, don ba su kai yawan da zai gagari ƙirge ba. Da a shekarun baya ne, kafin yaƙi ya watsa garinmu, da na ce muku ƙurar mutane sai da ta rufe rana har Sinja, ku kuma ku yarda da rabi kamar yadda kuka saba yi mini. Wannan karon ni kaina na rasa inda zan ƙara. Sahu biyu ne, na biyun ma bai cika ba. Sauran 'yan gari suna Gadarif, suna Bur Sudan, wasu ba mu san inda suke ba.

Kwana uku muka zauna a rumfar ƙofar gidansa. Mutum ya zo, ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya ce "albaraka fikum", ya nemi gefen tabarma. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta leƙo daga wajen mata tana share ido, ta ce, "Allah shi jiƙan shi, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Wasan goriba ɗai yak kama shi da tsufa." Wani dattijo da ya yi shekaru yana yankan rake ya ce shi abin da ba zai manta ba, Kawu ya taɓa duban ruwan rake a kwalba ya faɗi kwana nawa raken ya yi yashe a rana, kuma haka ɗin ne, ko kwana ɗaya bai kuskure ba. 'Yarsa tilo ta kira daga Bur Sudan. Ta yi kuka, layi ya yanke, ta sake kira ta ci gaba daga inda ta tsaya, layi ya sake yankewa. Ba ta samu hanyar zuwa ba.

A rana ta uku liman ya gyara zama, ya ce Kawu bai tafi da iliminsa ba. Ya ce mako guda kafin rasuwar ya je duba shi, Kawu ya gaya masa da bakinsa cewa ya bar magaji. Sai ya nuna ni.

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Ban ga laifinsu ba. Ni mai karo ne, wato keken jaki, ni da jakina muke ɗaukar albasa da ruwa, kuma ni ne mutumin da ya taɓa rantsewa ya ga kifi a Nilu da ya haɗiye kwale-kwale har da matuƙin yana salla a ciki. Na taya su dariya don shi ne aikina. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma Kawu ya san ba gaskiya ba ce lokacin da ya faɗe ta. Ban iya abin da ya koya mini ba. Cutarsa na yi ta yi, ya kama ni, bai tona ni ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya fi shekara talatin yana aiki a ɗakin gwaji na masana'antar sukari, ba babban ma'aikaci ba, mai auna ruwan rake. Akwai wata na'ura mai kama da bututun hangen nesa. A tace ruwan rake, a zuba a doguwar kwalba, a kwantar da ita a ciki, a haska fitila ta bayanta, shi kuma ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ya ce sukarin rake yana murɗa hasken nan zuwa dama, gwargwadon yawansa gwargwadon murɗin. In rake ya kwana ya fara lalacewa, sukarin ya rabe gida biyu, murɗin ya ragu. In ya gama rabewa, sai hasken ya koma hagu. Kannewar nan ta zauna masa a fuska. Har ya rasu, in zai gaishe ka sai ka ga kamar yana auna ka. Ni na riƙa gaya wa mutane cewa Kawu na iya leƙa kunnen mutum ya faɗi cokali nawa ya sha da safe.

Abokan aikinsa sun auna sun tafi gida. Shi sai da ya tambayi dalili. Wani injiniya ya bar masa tsohon littafi na Larabci, bangonsa ya cire, ya yi ta karanta shi har takardun suka yi laushi kamar kisra, siririyar wainar dawar nan tamu. A ciki ya gano cewa ƙananan ƙwayoyin da aka gina abubuwa da su, waɗanda ido ba ya gani, da yawansu suna zuwa biyu-biyu ne, na dama da na hagu. Kayan gini ɗaya, nauyi ɗaya, amma ɗaya hoton madubin ɗaya ce. Tun daga nan bai sake samun wanda zai yi hira da shi ta ishe shi ba. A majalisar dattawa ana zancen ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa, da kuɗin taki, shi yana jiran a yi shiru ya kawo zancen ƙwayoyi. Da ya fara sai ka ga kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Ni ma da can ina cikin masu tuna alwala. Yaƙi ne ya haɗa mu. Na tura matata da yara Gadarif, na zauna gadin gida da jaki. Kawu kuwa ƙafafunsa sun ƙi, ya ce ba ya zuwa ko'ina, Inna, ƙanwarsa kuma ƙanwar mahaifiyata, ta ce in dai Yaya na nan ita ma tana nan. Wata guda na yi ina dafa abin da ko jakin ya shinshina sai ya kau da kai. Rannan Inna ta tsaya a ƙofata ta ce, "Kawunka na kira. Yac ce ɗalibi shika nema, kullum bayan azahar." Na je na tarar da akushi a rufe da jabana, gahawarmu, a kan wuta. Bai taɓa cewa zo ka ci abinci ba, ko sau ɗaya. Kullum cewa yake, "Ɗalibi ba shi karatu da yunwa. Wanke hannu." Haka ya ciyar da ni fiye da shekara ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Darasin farko da hannuna ya fara. Ya ce in haɗa tafukana, suka haɗu daidai. Ya ce in ɗora ɗaya a bayan ɗaya. Manyan yatsun suka kalli gabas da yamma.

"To, ka gani. Yatsa biyar, yatsa biyar. Mi ab bambanci?"

"Ɗaya na cin tuwo, ɗaya na ɗaukar buta."

"Kai dai bakinka ya riga kanka zuwa duniya."

Ya sa Inna ta kawo ganyen na'a-na'a da ƙwayar karawiya, wadda ake dafa wa masu jego. Ya murza kowanne a tafina ya ce in shinshina. Na ce wannan shayi, wannan gidan suna. Ya ce abin da ke ba su ƙamshi abu ɗaya ne, ba ragi ba ƙari, sai dai ɗaya na dama ɗaya na hagu, hanci kuwa kamar takalmi yake, ya san ƙafar da ta shige shi. Washegari na kai labari wajen mai shayi cewa Kawu ya ce hancin mutum takalmi ne. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Da maganar ta dawo masa bai yi fushi ba, cewa ya yi, "Ko banza ka kai rabi."

Abin da ya fi so shi ne zancen suna. Ya ce malaman abin sun raɗa wa ƙwayoyin nan suna ta hanya uku, kuma hanyoyin ba sa jituwa kullum. Na farko sunan hali: a haska, in ta murɗa haske dama a sa mata alamar ƙari, in hagu alamar ragi. Na biyu sunan dangi: ba a duba halinta, gininta ake dubawa a ga da wane kaka ta yi kama, a ce 'yar gidan D ce ko 'yar gidan L. A nan yake jin daɗi. Ya ce akwai wani sukari a cikin zuma da 'ya'yan itace da ke murɗa haske hagu ƙiri-ƙiri, amma a littafi 'yar gidan D ce, gidan dama, saboda kakanta.

"Kamar mu," in ji shi. "Nan bakin Nilu aka haife ni, nan aka haifi ubana. Larabcina ya fi na mai unguwa. Amma har gobe da sunan kakan da yat taho daga yamma aka kiranmu."

Ya faɗi haka yana dariya, sai dai dariyar ba ta daɗe ba.

Suna na uku shi ne na goriba. Kawu ya samo goriba biyu, ya huda kowace wuri huɗu da ƙusa mai zafi, ya soka waya, ya kafa abu huɗu a bakin wayoyin: aduwa, ƙwallon dabino, gyaɗa da ƙwayar wake. Goriba ita ce karbon, wato dangin gawayi, mai hannu huɗu. Ya gina su ɗaya hoton madubin ɗaya, duk yadda ka juya su ba za su zauna iri ɗaya ba. Ƙa'idar, in ji shi, ta zaman majalisa ce. A jera huɗun bisa girma: aduwa babba, sai dabino, sai gyaɗa, wake ne auta. A juya goribar auta ya koma baya, nesa da kai. Sauran ukun suna fuskantarka. Ka bi su da ido daga babba zuwa na biyu zuwa na uku. In tafiyar ta bi hannun agogo, ta dama ce, a rubuta R. In ta bi yadda ake ɗawafi, ta hagu ce, a rubuta S.

"Kakanninmu ɗawafi suka fito yi suka tsaya nan," ya ce. "Ni ban je ba. Amma na san ta inda aka kewayawa."

Ku da kuke karantawa za ku ce wannan ai ba wuya. Ni dai in na juya auta baya sai aduwa ta ɓace mini, in na samo aduwa sai in manta ta ina agogo ke tafiya, ga ƙamshin miya na fitowa daga akushi. Kwana uku ina faɗuwa. A na huɗu na lura cewa goriba ɗaya ta fi ɗaya duhu, kuma mai duhun ce Kawu ke kira ta dama. Shi ke nan na zama malami. Ya miƙo, in karɓa, in juya ta sama da ƙasa, in kanne ido kamar shi, in yi gyaran murya, in ce dama. Ya miƙo mai haske, in ce ɗawafi, hagu. Lokacin idonsa ya fara hazo, da yatsa yake gane su, bai san launinsu ya bambanta ba.

Ranar da na ci sau goma a jere ya kira Inna daga madafa. "Taho ki gani. Shekara talatin ina neman mutum guda." Na so in faɗi gaskiya a lokacin, sai na ga fuskarsa, na ga akushi, na ce gobe. Goben ta yi wata bakwai.

Inna ce ta tona ni, ba da niyya ba. Inna mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace. Kofunanta duk hannu ɗaya suke kallo, takalman baƙi ma sai ta jera su. Wata safiya tana share ɗakin Kawu ta ɗauki goribar nan biyu ta ajiye su gefe da gefe, ta ga sun ƙi daidaita. Ta juya, ta juya, suka ƙi. Ta ce a ranta tsufa ya sa Yaya ya kafa ɗaya ba daidai ba. Ta zare gyaɗa da dabino na mai duhun ta musanya musu wuri, suka zauna tsaf iri ɗaya, ta goge su da tsumma ta mayar.

Bayan azahar Kawu ya ɗauki mai duhun. Na ga yatsunsa sun bi wayoyin, sun tsaya, sun sake bi. Ya miƙo mini. Na yi juye-juyena, na kanne ido, na ce, "Dama. Wannan ko jakina ya sani."

Ya karɓa ya sake shafawa. "Sake dubawa."

"Kawu, ko a mafarki aka tashe ni, dama ce."

Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya juya wajen madafa ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. "Wa yat taɓa mini kaya?"

Inna ta fito da ludayi a hannu. "Ni ce. Gyara maka na yi, sun karkace."

"Karkacewar ita ce abin. Shekara nawa kina ji ina hwaɗi?"

"Shekara nawa ina share maka ɗaki ba ka ce sannu ba? Mutum da furfura yana wasa da abincin awaki."

Suka yi ta yi. Ya ce ta rusa masa aiki, ta ce aikin da ba ya kawo ko gishiri. Ya ce da mijinta na da rai da ta san inda za ta kai tsabtarta, ta ce da matarsa na da rai da tuni ta hura wuta da goribar. A nan faɗan ya tsaya, don kowa ya taɓa inda bai kamata ba. Na sha gaya wa mutane cewa shekara guda suka yi ba sa magana, sai ta bakin kaza suke aika saƙo. Gaskiyar ita ce kwana biyu. Kuma faɗan ba na Inna ba ne, nawa ne. Ita ya sauke wa don bai so ya sauke mini ba.

Washegari ban je ba. Na zauna a gida da yunwa ina wa jaki bayanin halin da nake ciki. La'asar ta yi, sai ga Inna a ƙofa, fuska a ɗaure. "Yac ce ɗalibi ya makara." Na je. Ya ce in wanke hannu. Muka ci, muka sha jabana, ya ba ni labarin wani mai gadi a masana'anta da ke satar rake a cikin wando. Bai miƙo mini goriba ba. Daga ranar bai sake miƙo mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Wata huɗu muna haka, ina zuwa, yana ciyar da ni, goribar na kan taga. Wani lokaci in ina zuba surutu sai in ga ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, yana shafa ta shi kaɗai, bakinsa na motsi. Ya koma yadda yake kafin in zo, mutum ɗaya da abin da ya sani.

Da ciwon ya kwantar da shi, Inna ta ce wata rana da hantsi ya sa ta miƙo masa su. Ya zare komai, aduwa da dabino da gyaɗa da wake duk a kan bargo, ya sake kafa su, ya hana ta taimaka. Ya ce ta ajiye, kuma in ta sake gyara masa sai ya kai ƙararta lahira. Ta ce ta yi dariya, shi ma ya yi. A makon ne liman ya zo, Kawu ya gaya masa zancen magaji. Ni bai gaya mini komai ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce in daina ɗora wa jakin nan buhu shida.

Da aka naɗe tabarmin makoki na koma gidan bayan azahar, don ƙafata ba ta san wata hanya ba. Inna ta ajiye mini akushi. Na ɗauko mai duhun daga taga. Yanzu launinta ba ya gaya mini komai, ban san yadda ya kafa ta ba. Na jera su a bakina kamar yadda yake yi: aduwa, dabino, gyaɗa, wake. Na juya wake baya. Aduwa ta ɓace, na nemo ta. Na bi da yatsa zuwa dabino, zuwa gyaɗa. Na rikice, na sake. Na tashi tsaye a tsakar gida na kewaya turmi kamar mai ɗawafi don in tuna ta inda ake bi, Inna na kallona ta ƙofar madafa. Miya ta huce. Wajen la'asar yatsana ya bi zagayen sau uku a jere ta hanya ɗaya. Ɗawafi. Hagu.

Na ɗauki mai hasken, ita ma na sha wuya, ta fito hannun agogo. Ya musanya su ke nan, in dai ban yi kuskure ba. Na juya wajen gadonsa da bakina a buɗe, gadon an jingine shi da bango.

Na ce, "Inna, wagga ta hagu ce. Ko?"

Ta karɓa, ta juya ta, ta miƙo mini. "Ɗana, ni har yau karkatattu nika ganinsu."

Kwana tara ke nan ina zuwa ina sakewa, amsar ba ta canza ba. Jiya na faɗa a wajen mai shayi, yadda abin yake, ban ƙara ko gishiri ba. Na ce mai duhun S ce, mai hasken R, kuma ni na gano da kaina. Suka jira inda dariyar take. Da ba ta zo ba, wani ya ce, "Yau kuma ƙaryar ba ta yi daɗi ba," aka koma zancen farashin albasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama, ya haɗa shi da masu sauraro. Ya ba Inna haƙuri, ya buɗe wa 'yarsa hanya ta zo ta ga inda aka sa shi. Ni kuwa ina ganin amsata daidai ce. A duk garin nan mutum ɗaya ne zai iya ce mini eh ko a'a, kuma na bari sai da ya tafi sannan na tambaya.